Yadda wifi ya ɓace daga kwamfutar Yayata bayan sabunta karnel, da yadda na maido shi

A farkon watan Fabrairu na 2024, da la'asar sakaliya, Yayata ta aiko ɗanta gidana a nan Tawa yana rungume da kwamfutarta cikin jaka, da saƙon cewa wifi ya ɓace. Da na kunna na'urar sai na tarar maganar haka take: alamar nan mai kama da mafici ba ta cikin jerin alamomin da ke saman allo, kuma a shafin saituna an rubuta da Faransanci cewa "Aucun adaptateur Wi-Fi trouvé", wato na'urar ba ta ma ganin katin wifi a jikinta. Bayan sallar magariba Yaya ta biyo sawu da kanta, hankalinta a tashe, domin saura kwana huɗu ta gana ta bidiyo da malamin da ke duba kundinta na digiri na biyu daga Yamai, kuma duk gyare-gyaren da ya nema suna cikin wannan kwamfuta.

Kwamfutar ƙirar HP ce da aka saya ta hannu, kuma ni ne na zuba mata tsarin Linux mai suna Ubuntu 22.04.3 a watan Oktoba na 2023. A lokacin na kashe sabuntawar da na'ura ke yi da kanta, saboda Yaya da kuɗinta take sayen mega, kuma ban so ta wayi gari ta tarar an cinye mata forfe ba tare da saninta ba. Yau ina ganin wannan shawara kuskure ce, domin a cikin sabuntawar ne ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta cikinsu. Wata abokiyar aikinta ce ta lura da hakan, ta taimaka mata suka sauke duk abin da ya taru na wata huɗu ta wifin wurin aikinsu. Na'urar ta nemi a sake kunna ta, aka sake kunnawa, daga nan wifi bai ƙara bayyana ba. Kafin ta aiko mini, Yaya ta biya wurin wani mai gyara a kasuwa, wanda ya ce mata ko dai katin ne ya mutu, ko kuma a goge komai a zuba Windows.

"Auta, in gogewar ce mafita, a goge," in ji ta, "amma ka fara kwashe mini kundina."

Na ce mata, "Yaya, kundin zan fara kwashewa ko da ba za a goge komai ba, amma ki ba ni daren nan in ji abin da na'urar za ta faɗa da bakinta."

Na kwafe takardunta a kilen USB biyu daban-daban kafin in taɓa wani abu. A wancan lokacin wuta rabo-rabo ake ba mu, tun bayan da aka katse wadda ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, saboda haka sai da na duba batir, na ga zai kai ni kamar awa biyu, na tsara aikin a kan wannan lissafi.

Tambayar farko ita ce ko katin yana raye. Na buɗe tarminal, wato tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, na rubuta `lspci -nnk`, umarnin da ke jero kayan da ke maƙale a cikin na'ura tare da direba, wato ƴar manhajar da ke tuƙa kowannensu. Katin ya fito a jerin, da sunansa Realtek RTL8821CE da lambarsa 10ec:c821, abin da ya nuna cewa uwar na'ura tana ganinsa. Sai na rubuta `rfkill list` don in tabbatar ba wani maɓalli aka danna ya kulle wifin ba, domin sau da yawa abin da ake kira lalacewa bai wuce an taɓa maɓallin jirgin sama bisa kuskure ba. Umarnin bai nuna wifi ba sam, ko a kulle ko a buɗe, Bluetooth kaɗai ya nuna. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, saboda a irin wannan kati wifi da Bluetooth a guntu ɗaya suke zaune, sai dai kowanne da hanyarsa ta magana da na'ura: wifi ta PCIe, Bluetooth kuma ta USB. Na haɗa salulata da kwamfutar ta Bluetooth, ta haɗu ba gardama. Katin da ya ƙone da wuya ya yi wannan.

Daga nan na rubuta `uname -r`, umarnin da ke faɗin lambar karnel, ya ba ni lamba mai farawa da 6.5, alhali na san 6.2 na bari a watan Oktoba. A nan ya kamata in yi bayani ga wanda bai saba da Linux ba. Karnel, wanda masu Faransanci ke kira noyau, shi ne ƙwayar tsarin, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarafan na'ura, kuma kowane direba a ƙarƙashinsa yake aiki. Ubuntu 22.04 ta fito ne a watan Afrilu na 2022 da karnel 5.15, amma kamfanin Canonical ya tsara cewa kwamfutocin tebur da na hannu su riƙa samun sabon karnel lokaci-lokaci domin su iya tuƙa sababbin kaya, tsarin da ake kira HWE. Ta haka aka bi daga 5.15 zuwa 5.19, aka koma 6.2, sannan a watan Janairu na 2024 aka fara tura 6.5. Sunan tsarin bai canza ba, fuskarsa ba ta canza ba, amma ƙwayar da ke ciki an musanya ta.

Don in tabbatar da zargina, na sake kunna na'urar ina danna Esc har jerin GRUB, inda ake zaɓar tsarin da na'ura za ta tashi da shi, ya bayyana, na shiga "Options avancées pour Ubuntu", na zaɓi tsohon karnel 6.2, wanda Ubuntu ba ta gogewa nan take idan ta zuba sabo. Tun kafin in gama shigar da kalmar sirri, ƙaramin akwatin wifin da ke kan teburina ya nuna an samu sabon baƙo. Na juya allon wajen Yaya, ta ga alamar ta dawo, ta ce, "Alhamdu lillahi, to ai shi ke nan." Na gaya mata cewa wannan mafaka ce ta ɗan lokaci, kuma ko da komai ya gagara, da ita za ta yi ganawarta. Amma zama a kan karnel 6.2 na nufin zama a kan abin da aka daina yi wa gyaran tsaro, kuma duk ranar da aka share tsofaffin fayiloli, mafakar na iya tafiya tare da su. Ta tafi gida da kilenta ɗaya, na ci gaba da aiki.

A cikin tsohon karnel na sake rubuta `lspci -nnk`, sai na ga direban da ke tuƙa katin ba na cikin karnel ba ne, wani ne da sunan modul ɗinsa, wato fayil ɗin da ake ɗora wa karnel, 8821ce. Ganin sunan ne ya tuna mini da abin da na yi a watan Oktoba. A ranar da na zuba tsarin, wifi yana kamawa amma yana yankewa bayan ƴan mintoci, sai wani abokina ya ba ni wani direba a kile, wanda asalinsa na kamfanin Realtek ne da masu sa kai ke yi wa kwaskwarima. Na harhaɗa shi da `make`, na girka shi da `sudo make install`, wifi ya zauna, na rufe na'ura na miƙa wa Yaya ba tare da na rubuta ko layi ɗaya na abin da na yi ba.

Matsalar irin wannan girki ita ce, kowane karnel yana da ɗakinsa na kansa a ƙarƙashin `/lib/modules`, mai ɗauke da cikakkiyar lambarsa, kuma a cikin ɗakinsa kaɗai yake neman direbobi. Fayil ɗin `8821ce.ko` da na girka yana ɗakin 6.2, sabon karnel kuwa bai san da zamansa ba. Ashe ko ƙaramar sabuntawa ce aka yi a cikin 6.2 ɗin kanta, da wifin ya ɓace tun tuni. Kashe sabuntawar da na yi ne ya ɓoye ramin har wata huɗu. Na koma 6.5 na gwada `sudo modprobe 8821ce`, ya amsa cewa babu modul mai wannan suna a ɗakin. Na gwada ɗora tsohon fayil ɗin da ƙarfi ta hanyar `insmod`, aka mayar mini da "Invalid module format". Dalili kuwa shi ne, kowane modul yana ɗauke da hatimin karnel ɗin da aka gina shi dominsa, ana iya ganinsa da `modinfo` a layin vermagic, kuma idan hatimin bai dace ba, karnel ba ya karɓa. Wannan ƙin karɓa kariya ce, domin direban da aka ɗinka wa wani karnel yana iya daskarar da na'ura ɗungum idan aka tilasta shi a kan wani.

Abin da ya zo mini a rai shi ne in sake gina direban a kan 6.5, kuma a nan na ɓata mafi yawan daren. Da yake babu wifi a sabon karnel, na jona salulata da waya ta USB na kunna raba intanet, wanda ke aiki ba tare da an girka komai ba saboda direbansa yana cikin karnel. Na duba `/usr/src` na ga fayilolin kai na 6.5, waɗanda ake bukata wajen gina direba, sun sauka tare da sabuntawar. Na shiga jakar direban na rubuta `make`, nan take ya tsaya yana cewa bai samu gcc-12 ba, wato manhajar da ke harhaɗa direban. Ubuntu 22.04 da gcc 11 take zuwa, amma sabon karnel da gcc 12 aka gina shi, kuma yana son a gina modul ɗinsa da irin abin da aka gina shi. Na sauke shi da `sudo apt install gcc-12`, ina kallon megana suna raguwa. Na sake `make`, layuka suka yi ta gudu har na fara sa rai, sai ya sake tsayawa a wani fayil da ya shafi cfg80211, wato sashen karnel da ke kula da harkar wifi, yana ƙorafin cewa an kira wani aiki da bayanai ƙasa da adadin da yake bukata.

Wannan kuskure na biyu ya fi na farko nauyi. Masu gina Linux sun yi alkawarin ba za su karya manhajojin da mutane ke amfani da su ba, amma ba su taɓa yin alkawarin barin hanyoyin cikin karnel yadda suke ba. Idan suka canza wata hanya, suna bin duk direbobin da ke cikin karnel su gyara su a lokaci guda, wanda ke waje kuwa sai mai shi ya biyo baya da nasa gyaran. Kwafin da abokina ya ba ni ya girmi canjin, saboda haka ko DKMS na yi amfani da shi tun farko, wato tsarin nan da ya samo asali daga kamfanin Dell wanda ke sake gina direbobin waje da kansa duk lokacin da sabon karnel ya sauka, da ginin ya faɗi a daidai wannan wuri. Ina cikin tunanin neman sabon kwafi a intanet aka ɗauke wuta, batir ya nuna saura kashi ashirin, na rufe na'urar na kwanta.

Da asuba, bayan na dawo daga masallaci, wuta ta dawo, na sake buɗe sakamakon `lspci -nnk` na sabon karnel, wannan karon na karanta shi layi-layi. A ƙarƙashin sunan katin babu layin da ke faɗin direban da ke aiki, wannan na gani tun jiya. Amma akwai wani layi a ƙasansa da idona ya tsallake, wanda ke cewa "Kernel modules: rtw88_8821ce". Ma'anarsa ita ce karnel yana da nasa direban na wannan kati, ya san ya dace da shi, amma bai ɗora shi ba. Direban rtw88 ya fara tuƙa RTL8821CE tun karnel 5.9 na shekarar 2020, sai dai a farkonsa bai iya da kowane samfurin katin ba, shi ya sa shawarwarin wancan zamani suka cika intanet suna cewa a girka na waje, kuma har yau mutane na bin su ba tare da duba shekarar da aka rubuta su ba. Tambayar da ta rage ita ce me ya hana karnel ɗora abin da yake da shi.

Na rubuta `grep -r rtw88 /etc/modprobe.d`, amsa ta fito a layi ɗaya: `blacklist rtw88_8821ce`, a cikin wani fayil mai kwanan watan Oktoba na 2023. Ni na rubuta shi, domin kada direbobi biyu su yi kokawa a kan kati ɗaya, kuma a ranar yana da amfani. Sai dai jakar `/etc/modprobe.d` ba ta karnel ɗaya ba ce, duk karnel ɗin da ya tashi yana karanta ta. Sabon karnel ya tashi bai tarar da direban waje ba, na gida kuma an hana shi shiga, katin ya zauna babu mai tuƙa shi. Wannan hani ɗorawa ta kai tsaye kawai yake tarewa, ba ya hana mutum ɗorawa da hannunsa, saboda haka na rubuta `sudo modprobe rtw88_8821ce`. Ban kai ga ɗauke yatsana daga maɓalli ba alamar wifi ta bayyana a saman allo, sunayen rezo na maƙwabta suka jeru. Na duba `sudo dmesg`, inda karnel ke rubuta saƙonninsa, na ga direban ya ɗauko firmwaya ɗinsa, wato manhajar da ke aiki a cikin katin kansa, fayil ɗin `rtw8821c_fw.bin` da ke cikin `/lib/firmware/rtw88`, ba tare da wani ƙorafi ba. Na sa alamar #, wadda ke sa a tsallake layi, a gaban layin hanin maimakon in goge shi, na rubuta dalili a ƙasansa, na gudanar da `sudo update-initramfs -u`, na sake kunnawa, wifi ya tashi da kansa.

Ban kira Yaya ba tukuna, domin ban manta dalilin da ya sa na guje wa wannan direba a watan Oktoba ba. Na bar `ping`, umarnin da ke gwada ko haɗin intanet yana nan, yana gudu, na tafi na yi karin kumallo. Da na dawo na tarar ya yanke sau biyu, kuma a cikin `dmesg` akwai saƙon da ke maimaita kansa cewa firmwaya ya kasa fita daga yanayin lps. Wannan yanayi barci ne da katin ke shiga don tattalin batir idan babu zirga-zirga, kuma a wasu na'urori yana shiga ya kasa farkawa a kan lokaci. Akwai kuma wani tattalin na biyu a kan hanyar PCIe kanta, mai suna ASPM, wanda shi ma ba kowace uwar na'ura ke jituwa da katin a kansa ba. Umarnin `modinfo -p rtw88_core` da `modinfo -p rtw88_pci` sun nuna mini cewa direban ya tanadi makunnin kashe duka biyun. Na buɗe sabon fayil mai suna `rtw88.conf` a cikin `/etc/modprobe.d`, na rubuta `options rtw88_core disable_lps_deep=1` a layin farko, da `options rtw88_pci disable_aspm=1` a na biyu. Sannan na shiga `/etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf`, inda Ubuntu ke rubuta `wifi.powersave = 3`, na mayar da 3 ɗin 2, wanda ke nufin a kashe tattalin. Da a watan Oktoba na tsaya na karanta `dmesg` na minti goma, da waɗannan layuka uku sun ishe ni, ba sai na ɗauko direba daga waje ba.

Bayan sake kunnawa na tabbatar saitin ya shiga ta hanyar karanta `/sys/module/rtw88_pci/parameters/disable_aspm`, wanda ya nuna Y. Na bar `ping` daga hantsi har azahar bai yanke ba. Na rufe murfin na'urar na buɗe sau biyar, kowane karo wifi na dawowa cikin daƙiƙu kaɗan. Na ɗauke ta zuwa zaure, bango biyu tsakaninta da akwatin wifi, na kira wani ɗalibina ta bidiyo muka yi kusan rabin awa, hoto bai tsaya ba. Abin da aka biya shi ne batir, wanda yanzu yake ɗan saurin sauka fiye da da, kuma a garin da ake rabon wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi tunanin mayar da na'urar kan karnel 5.15, wanda Canonical ke ci gaba da kula da shi tsawon rayuwar 22.04 ba tare da tsalle zuwa sabuwar lamba ba, amma na ga babu dalili, tunda direban da ke aiki yanzu yana tafiya tare da karnel duk inda ya je.

Da yamma na kai wa Yaya kwamfutar da kaina, na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, cewa ba abokiyar aikinta ce ta ɓata na'urar ba, kuma ba sabuntawar ba ce, gyaran da na yi ne a bara ban kammala shi ba. Na roƙe ta ta isar wa baiwar Allahn nan da wannan magana, domin tun jiya take jin nauyin abin a ranta. Na mayar da sabuntawar tsaro ta riƙa sauka da kanta, na kuma nuna mata inda ake gaya wa na'ura cewa rezon salula na awo ne, don ta san lokacin da ya kamata ta yi hattara da manyan saukewa. A cikin jakar takardunta na ajiye wani ɗan fayil mai suna "gyaran wifi", na rubuta sunan katin da lambarsa, da fayiloli ukun da na taɓa, da abin da ke cikin kowanne kafin in taɓa shi, da yadda ake shiga tsohon karnel ta GRUB, da Hausa da Faransanci, saboda duk wanda na'urar za ta faɗa hannunsa a bayana.

"Wannan takardar fa, ni zan karanta ta ko mai gyara?" ta tambaye ni.

Na ce, "Ke za ki fara karantawa, Yaya, sannan ki ba shi ya karanta kafin ya ce a goge."

Ta yi ganawarta da malaminta a ranar da aka sa, ta kuma aika masa kundin a daren. A ƙarshen daminar shekarar, lokacin da karnel 6.8 ya iso kwamfutocin 22.04, ta kira ni ta ce na'urar ta nemi a sake kunna ta kuma tana jin tsoron dannawa. Na ce ta danna ina kan layi. Muka yi shiru na kamar minti ɗaya ina jin ƙarar fankar ɗakinta, sannan ta karanto mini abin da `uname -r` ya nuna, ta ce alamar wifi tana nan a wurinta.